Injin iska ko ƙarin fano? Amsar tambayoyinku kan wutar iska da kuɗin da ke cikinta

Salamu alaikum jama'a. Tunda iskar hunturu ta fara kaɗawa tambayoyi akan injin iska suka yi yawa, wato wannan mai kama da fanka da ake kafawa bisa dogon ƙarfe yana bada wuta, wanda a faransanci suke ce ma eyoliyen. Ni dai aikina haɗa wutar sola ne a nan Garwa da kewaye a arewacin Kamaru, amma na taɓa injin iska da hannuna kuma na daɗe ina bin labarinsa, to na zaɓi wasu daga cikin saƙonnin zan amsa iya sanina.

Tambaya ta farko daga wani Alhaji ne mai shago a Kusuri. Yace yana da firiza biyu yana sayar da ƙanƙara da ruwan sanyi, fanon da yake da su, wato farantan sola, basa riƙe masa dare, sai yaga tallar injin iska mai wat 400 wai yana aiki dare da rana, gashi iska a garinsu kamar zata ɗauke mutum. Ya saya ne ko ya ƙara fano?

Alhaji Allah ya ƙara buɗi. Ka ƙara fano da batir, kar ka sayi injin nan. Amma bazan barka da amsa a dunƙule ba, don nasan idan ka fita ƙofar shago iska ta watsa maka ƙura a ido zaka ce ai yaron nan bai san Kusuri ba.

Wannan 400 da aka rubuta a jikin kwali ba ƙarya bace gaba ɗaya, sai dai akwai sharaɗin da mai talla baya faɗa. Yawancin ƙananan injinan nan sai iska ta kai gudun mita 11 zuwa 13 a sakan ɗaya sannan suke bada abinda aka rubuta. Mita 12 a sakan kuwa kamar ka hau babur ne kana gudun kilomita 43, iskar da ke dukan fuskarka a lokacin ita ake nufi, kuma ba ta minti biyar ba, ta wuni. Awa nawa a shekara ake irin wannan iskar a ƙofar shagonka? A yawancin garuruwanmu na arewa idan aka haɗa dare da rana, rani da damina aka raba, iskar da ke kusa da ƙasa tsakanin mita 2 zuwa 4 take yawo.

To ga inda matsalar take. Ƙarfin iska baya raguwa daidai da gudunta. In gudu ya ragu da rabi, wuta ba rabi take komawa ba, kashi ɗaya cikin takwas take komawa, saboda gudun ana ninka shi ne sau uku a kansa. Injin da ya baka wat 400 a mita 12, a mita 6 wat 50 zai baka, a mita 4 wajen wat 15, a mita 3 kuwa wat 6, wanda ko cajin waya da ƙyar. Kuma a duk wannan lokacin zaka ganshi yana juyawa gwanin sha'awa, maƙwabta suna ta tambayarka inda ka samo, alhali batir bai san ana yi ba. Mu ɗauka Allah ya baka mita 4 a matsakaici, wat 15 sau awa 24 ya kama wat-awa 360, mu ninka shi biyu ma saboda lokutan da iskar ke tasowa da ƙarfi, har yanzu bai kai kilowat-awa 1, wato wat-awa dubu, a wuni ba. Fano ɗaya mai wat 400 a ranar Kusuri in an goge masa ƙura yana baka tsakanin 1.6 zuwa 2 kusan kullum, babu abinda ke juyawa a jikinsa balle ya cinye.

Sannan Alhaji ka duba lokacin kasuwarka. Yaushe ƙanƙara take tsada? Maris, Afrilu, Mayu, lokacin da zafi ke hana barci mutane suna kwana a waje suna roƙon Allah ya kawo iska. Lokacin da iskar ke da ƙarfi kuwa, Disamba da Janairu, wa ke neman ruwan sanyi? Kaga kenan injin zai fi ƙoƙari a watannin da baka buƙatarsa. Batun dare ma da kake sa rai, ka lura da kyau a wannan hunturun, iskar tamu da hantsi take tashi, wajen ƙarfe tara zuwa sha ɗaya, da dare kuwa a ƙasa lafawa take yi. Tana nan a sama can tana gudu, mita ɗari da ɗoriya, shi yasa manyan injina dogaye suke samunta, naka da ke kan mita shida ba zai taɓa ta ba.

Kuma kuɗin injin ba shine kuɗin aikin ba. Ƙa'idar da masu wannan sana'a ke bi itace injin ya ɗara duk wani gini ko bishiya da ke cikin mita 150 da kamar mita 9 ko 10, to ka ƙirga dogon ƙarfe, siminti, wayoyin ɗaurewa ta kusurwa huɗu, waya mai kauri da zata sauko da wuta, ƙarfen kariya daga tsawa, da regileta, wato na'urar daidaita cajin batir, nasa na musamman don na sola baya yi masa. Sau da yawa waɗannan sun fi injin kansa tsada. Na taɓa ɗora wa wani bawan Allah irinsa akan rufin bene saboda gudun kashe kuɗin ƙarfe, wallahi har yau abin yana damuna, girgiza ta hana iyalinsa barci, bango ya fara tsagewa ta wajen da muka ɗaure, batir kuma bai taɓa cika ba, ƙarshe na je na sauke masa na mayar masa da kuɗin aikina. Tun daga ranar bana ɗora injin iska akan gida ko nawa za'a biyani.

Abinda zaka yi, kuɗin nan ka sa a fano biyu ko uku da batir mai kyau, firiza ɗaya ka mayar da ita ta haɗa ƙanƙara da rana tsaka lokacin da wuta tayi yawa, da dare ka rufe ka daina buɗewa barkatai. Ƙanƙarar kanta ajiyar sanyi ce, kuma ta fi batir arha.

Wani ɗan'uwa daga Gidar ya turo hoton wani mai tsaye kamar ganga ko fure, an rubuta wat 3000, tsayinsa bai kai mutum ba. Ɗan'uwa wannan kam lissafi ma baya ɗaukarsa. Wutar da injin zai kama tana bin faɗin iskar da fukafukansa suka tare ne, kuma tun wajen shekara ɗari da suka wuce wani Bajamushe mai suna Albert Betz ya nuna cewa duk iya ƙirar injin ba zai ɗebi fiye da kashi 59 cikin ɗari na ƙarfin iskar ba. Abin da faɗinsa bai wuce murabba'in mita ɗaya ba, duka ƙarfin iskar da ke ratsa shi a mita 12 wajen wat 1000 ne, to ta ina 3000 zata fito? Ka riƙe kuɗinka.

Tambaya ta gaba ita tafi tayar min da hankali. Wata Hajiya daga Marwa tace ƙawarta ta sata a wani tsari na waya, kana sayen injin iska naka a wata ƙasa akan sefa dubu 20, kullum ana turo maka ribar sefa 400, in ka kawo mutum a ƙara maka. Ta gwada sati biyu kuma kuɗi suna shigowa, yanzu tana so ta zuba kuɗin adashen da zata kwasa wata mai zuwa.

Hajiya don girman Allah kar ki zuba. Wannan cinikin biri a sama ne, babu wani injin da kika saya. Ki duba, 400 akan dubu 20 kashi 2 cikin ɗari ne a rana, kwana 50 uwar kuɗi ta dawo, a shekara kashi 730 kenan. Tashar iska ta gaske, wadda injiniyoyi suka auna, bankuna suka zuba kuɗi, tana ɗaukar shekaru masu yawa kafin ta mayar da abinda aka kashe, kwangilar sayar da wutarta ma ta shekara 20 ake rubutawa saboda haka. Da akwai injin da ke mayar da kuɗinsa cikin kwana 50 da bankunan duniya basu barshi ya iso wayarki ba. Kuɗin da ake turo miki na matan da suka shigo bayanki ne, ranar da sabbin shiga suka ragu sai a wayi gari shafin baya buɗewa. A ƙasashenmu na CEMAC, wato na tsakiyar Afirka masu sefa, duk mai tara kuɗin jama'a da sunan hannun jari dole ya samu izinin hukumar COSUMAF mai sa ido kan kasuwar hannun jari, ki tambayi ƙawar taki ta nuna miki wannan izinin, da adireshin ofis da mutum zai taka da ƙafarsa. Abinda kika riga kika sa in yana ciruwa ki cire yau. Kuma Hajiya kar ki kawo kowa don ki fanshe naki, haƙƙinsu zai koma wuyanki, ƙawar taki ma ki faɗa mata da taushi don mai yiwuwa itama bata sani ba.

Sai wani Baba manomin albasa daga wajen Meskin. Ɗansa ne ya rubuto masa, yace tunda zuwa-zuwa, wato fetur ɗin da ake shigowa da shi daga Najeriya ta bayan fage, yayi tsada bayan Najeriya ta cire tallafin mai a 2023 injin ban ruwa yake cinye ribar albasa, kuma shi ya tuna wani famfo mai fanka da ya gani yana yaro yana jawo ruwa ba mai ba komai. Ko irin wannan zai yi masa?

Baba barka da aiki. Abinda ka gani gaskiya ne, kuma shi daban yake da wanda na hana Alhajin Kusuri. Wannan bashi da ruwa da lantarki, fukafukai ne masu yawa da ke juyawa a hankali suna ɗaga sanda sama da ƙasa cikin rijiya, tun 1854 aka fara ƙera irinsa a Amurka kuma makiyaya sun daɗe suna shayar da dabbobi da shi. Yana tashi da iska kaɗan, mita 3 ma ta isa ya fara, kuma lokacin ban ruwan albasa ya faɗo daidai da hunturu, ga shi ɓarawo baya kwance shi ya saɓa a kafaɗa kamar fano. Don haka ni bana raina shi ko kaɗan.

Sai dai tambayar da zaka yi kafin komai itace, wa zai gyara? Fatar famfon tana cinyewa, sanda tana karyewa, ana buƙatar mai da girisi, kuma dole babban tanki ko tafki don iska ta kan yi kwana biyu uku bata zo ba albasa kuwa bata jira. In babu makaniki a Marwa da ya san shi kuma yake da kayansa a hannu, wata rana zai tsaya cak a tsakiyar rani. Famfon sola kuwa yanzu kowane lungu akwai mai gyara. Ga lissafinsa a sauƙaƙe: rubu'in hekta na albasa yana shan kamar lita dubu 15 a rana, in an haɗa da wanda ke ɓacewa a lambatu mu ce dubu 25. In ruwan yana zurfin mita 10, ɗago lita dubu ɗaya yana cin kamar wat-awa 60 da famfo mai dama-dama, kaga dubu 25 kilowat-awa 1.5 kenan, fano biyu ko uku sun ɗauke shi, kuma ba sai da batir ba tunda da rana ake ban ruwa. Shawarata wannan ranin ɗanka ya samu littafi ya rubuta kowace lita da aka saya, ko zuwa-zuwa ko ta gidan mai da ta kai sefa 840 a 2024, ƙarshen kaka ku haɗa ku gani shekara nawa kuɗin mai zai biya famfon sola. Injin man kuma kar a sayar, a ajiye shi saboda ranar da hazo ya rufe rana. Mai fankar nan na fi ganinsa ga rijiyar shayar da dabbobi ta gari, inda ake da tanki kuma jama'a zasu haɗa kuɗin gyara.

Yanzu tambaya mai tsawo, daga wani ɗalibi a Injamena. Yace malam, iska kyauta ce, ƙasarmu kuma ance tana cikin masu iska a Afirka, amma mutum ɗaya cikin goma ne kawai yake da lantarki. Me ya hana a kafa manyan injina? Kuma shi yana son ya karanci wannan fannin, akwai abinci a ciki?

Ƙanena ka yi tambaya mai kyau, kuma abinda aka faɗa maka gaskiya ne. A arewacin Chadi iska tana matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi ta fito da ƙarfi ta wajen Faya ta faɗa kwarin Bodele, wanda tsohon gindin tafkin Chadi ne na zamanin da, kuma babu wani wuri a duniya da ke tada ƙura kamarsa, har Amazon ƙurar take kaiwa. Iska irin wannan ko'ina aka kaita dukiya ce. A duniya kuma wutar iska tayi arha sosai, hukumar makamashi mai sabuntuwa ta duniya, IRENA, ta ƙiyasta cewa daga 2010 zuwa 2023 kuɗin samar da ita a kan tudu ya faɗi da kashi 70 cikin ɗari, ya dawo wajen santi 3.3 na dalar Amurka kowane kilowat-awa, wato kamar sefa 20. Ka kwatanta da gurup mai gazuwal, wato janareta mai dizal, da ke shan kusan kashi ɗaya cikin uku na lita kafin ya bada kilowat-awa ɗaya, a farashin 2024 na sefa 828 lita, kuɗin mai kaɗai ya doshi sefa 280.

To me ya hana? Iskar ce kyauta, injin da ke kama ta bashi ne. Gurup kana sayensa da arha ka dinga biyan mai kullum, injin iska kuwa kusan duka kuɗinsa na shekara 20 ko 25 a rana ɗaya ake zubawa, megawat ɗaya tsakanin dala miliyan 1 zuwa 2 gwargwadon wuri. Saboda haka abinda ke yanke farashin wutar ba iska bace kaɗai, kuɗin ruwan bashin ne. Ka ɗauki alƙalami: bashin sefa biliyan 1 na shekara 20, in ruwansa kashi 5 ne zaka dinga biyan wajen miliyan 80 a shekara, in kashi 12 ne wajen miliyan 134. Injin ɗaya, iska ɗaya, amma wutar na biyun tafi tsada da kusan kashi biyu cikin uku. Ɗan Denmak yana samun na farko, mu ana bamu na biyu ko fiye, saboda masu kuɗi suna tambaya, wa zai sayi wutar, zai biya akan lokaci har shekara 20, in gwamnati ta canza takardar tana nan, akwai tsaro? Abu ɗaya da ke taimakonmu shine sefa a ɗaure take da yuro, 655.957, wanda ya ci bashi da yuro baya tsoron faɗuwar kuɗi irin yadda maƙwabtanmu masu naira suke fama.

Na biyu, iska tana Faya, masu buƙatar wuta suna Injamena da Mundu da Sar, tsakani kusan kilomita dubu na hanya mai yashi kuma babu layin wuta. Ka karanta labarin tashar iska ta Turkana a Kenya, itace babba a Afirka lokacin da aka buɗe ta a 2019, megawat 310, injina 365, iska mai kyau ƙwarai har injinan suna bada fiye da rabin iyakar ƙarfinsu in an raba a shekara. An gama kafa injina a 2017 amma layin da zai kwashi wutar, sama da kilomita 400, bai kammala ba sai Satumba 2018. Fiye da shekara injina suna tsaye, kuma dole Kenya ta biya biliyoyin shilin na wutar da ko kwan fitila ɗaya bata kunna ba, don haka kwangilar tace. Ga kuma ta Lambar Rimi a Katsina, megawat 10, injina 37, tun Umaru Musa 'Yar'aduwa yana gwamna aka faro maganar, a 2012 aka sace injiniyan Faransa da ke aikin, aiki ya tsaya, aka shafe fiye da shekara goma ana abu ɗaya. Duk shekarar da injin ya yi a tsaye ruwan bashi baya tsayawa.

Na uku hanya. Fiffike ɗaya na manyan injinan yanzu yana kai mita 60 zuwa 80 kuma baya naɗewa. Daga tashar jirgin ruwa ta Duwala zuwa Injamena wajen kilomita 1,800 ne, jirgin ƙasa a Gaundare yake tsayawa, duk wanda ya sauko gangaren falez da ke tsakanin Gaundare da Garwa da mota ya san kwanonin wurin, to ka hango tirela mai ɗauke da abu mai tsawon mita 70 a can. Senegal da ta kafa injina 46 a Taiba Njai, megawat 158 da ɗoriya, aka ƙaddamar a 2020, kusa da teku take, wannan wahalar bata sha ba. Shi yasa abinda aka yi a Amjaras ta arewa maso gabashin Chadi yake da ma'ana a wurina, injina huɗu ne masu kilowat 275 kowanne na kamfanin Vergnet na Faransa, irin na Katsina, fiffike biyu, ana iya kwantar da su ƙasa a gyara a tayar ba sai da ƙaton kiren ba. Kilowat-awansu yafi na manyan tsada, amma abokin gasarsu gazuwal ne da aka ɗauko a tanka daga nesa, kuma a wannan gasar suna da gaba. Garuruwa irinsu Faya da Fada a nan ne nake ganin iska zata fara biyan kanta, tare da sola da batir, gurup ya koma na ko-ta-kwana.

Mu a wannan ɓangaren na Kamaru kuwa dogaronmu madatsar Lagdo ce mai megawat 72, kuma kowa ya san yadda ake ji in ruwa ya ja baya. An ƙara sola a Marwa da Gidar, megawat 36 da batir, a 2023. Inda za'a samu tudu mai iskar kirki, amfaninta shine duk awar da ta yi aiki a hunturu ruwan Lagdo ne aka adana don bazara. Akwai kuma aikin layin da zai haɗa kudu inda madatsar Nachtigal mai megawat 420 take da arewa har ya kai Injamena, wanda Bankin Duniya da Bankin Raya Afirka suke sa wa kuɗi. Wannan layin ni a ganina yafi kowane injin muhimmanci ga makomar iska, don ƙaramin layi baya jure wutar da ke hawa tana sauka, babba kuwa yana shanyewa.

Batun karatu, ka karanta lantarki gaba ɗayansa kar ka ƙulle kanka a iska kaɗai, don yau abincin yana wajen sola da batir da layin wuta, kuma wanda ya iya waɗannan in aikin iska yazo shi za'a fara kira. Makarantar Politeknik ta Marwa tana da sashen makamashi mai sabuntuwa. Kafin nan ka buɗe Global Wind Atlas, taswira ce kyauta ta jami'ar DTU ta Denmak da Bankin Duniya, ka duba garinku a tsayin mita 10 sannan a mita 100, ka duba Faya, zaka ga da idonka abinda nake faɗa. Kuma ka koyi lissafin bashi kamar yadda kake koyon na waya.

Wani ɗan jauro daga kan duwatsun wajen Mokolo yace wasu sun zo suna neman fili su kafa dogon ƙarfe na auna iska, dattawa sun rabu biyu, wasu na murna wasu na tsoro. Ɗan'uwa ƙarfen awo ba tasha bane, aƙalla shekara guda yake yi yana rubuta iska kafin banki ya saurari kowa, kuma sau da yawa daga nan maganar take mutuwa, don haka kar kowa ya ci bashi da sunan arziki na tafe. Ku basu haya ta ɗan wurin da wa'adi a rubuce, kar ku sayar, kuma a yi a gaban lamido da sufurefe, wato wakilin gwamnati a gunduma. Ku sani a dokar ƙasa ta 1974 filin da bashi da takardar mallaka a ƙarƙashin kulawar gwamnati yake, to tun yanzu a rubuta wa ke noma ina, ina burtali, ina maƙabarta. A Turkana ɗin da na ambata rikicin fili har kotu ya kai, a 2021 kotu ta soke takardun filin saboda ba'a bi ƙa'ida ba wajen karɓarsa daga makiyaya. In aikin ya tabbata, injin ɗan wuri kaɗan yake ci, ana noma ana kiwo a gindinsa, amma aikin yi na lokacin gini ne, bayan nan mutane ƙalilan ake riƙewa. Kuma wutar tana iya wucewa ta saman kanku zuwa birni ku kuna cikin duhu, saboda haka jawo wuta cikin gari da nisan injin daga gidaje su shiga takarda kafin a sa hannu.

Na ƙarshe, wani ƙanena daga Gaundare yace shi ya riga ya saya, yana cikin kwali, mai kayan yaƙi karɓa. To tunda an saya sai a yi abinda zai yi amfani. Kar ka ɗora a rufi, ka kai shi gona ko bayan gari inda babu bishiya, ka ɗaga shi sama iya ƙarfinka akan ƙarfe mai maƙalewa a gindi yadda mutum biyu zasu kwantar da shi. Ka haɗa shi da regiletansa mai wayar zubar da rarar wuta, don injin iska in batir ya cika aka barshi ba kaya gudu yake yi har ya tarwatse. Ka haɗa shi da fano akan batir ɗaya, ka ɗauke shi a matsayin ƙari. In hadarin farkon damina ya haɗo ka taka masa birki ko ka kwantar da shi kafin guguwa ta iso, duk ƙarshen hunturu kuma ka sauke ka duba boris da kusoshi saboda ƙura. Ka sa masa ƙaramar mita mai ƙirga wat-awa, in ya yi wata uku ka turo min abinda ta rubuta tare da tsayin ƙarfen, ina so in sa a amsoshi na gaba don masu tambaya daga Adamawa.